Cika da Mara

A ɗakin girkin wata tsohuwa da ke tsibirin Kinmen akwai wata wuƙa mai faɗin baki, wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda daɗewa a hannu. Da ita take yanka kabeji da kifi, da ita kuma take yayyanka alewar gyaɗa idan tana sa ran baƙi. Ƙarfen da aka ƙera wuƙar da shi daga babban yankin ƙasar Sin ya fito, sai dai babu falken da ya kawo shi, babu kuma wanda ya biya masa kuɗin fito. Harbo shi aka yi daga bakin igwa, ya ƙetare ruwa, ya faɗo a gonar dawa. Tsohuwar ta san haka sarai, domin a kunnenta aka yi harbin.

Kinmen ɗan ƙaramin wuri ne, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 150 ba idan aka haɗa da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi. Gwamnatin da ke birnin Taipei ce ke mulkinsa, alhali tsakaninsa da tsibirin Taiwan akwai tafiyar kusan kilomita 200 a teku. Shi kuwa birnin Xiamen na ƙasar Sin, wanda ake furta sunansa kamar Shiyamen, bai fi kilomita 10 daga babban tsibirin ba. Da dare, idan sama ta washe, tsohuwar kan hango fitilun dogayen benayensa daga bakin gaɓa. Harshen da ake yi a can shi ne nata, abincinsu ɗaya, kakanninsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne yaƙin basasar da har yau ba a sa hannu a takardar ƙare shi ba.

An haife ta a 1950, wato shekara guda bayan rabuwar. A ranar 1 ga Oktoba, 1949, Mao Zedong ya ayyana kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a Beijing, sojojin Chiang Kai-shek kuwa suna ta ja da baya zuwa teku. A ƙarshen wannan watan ne dakarun kwaminisanci kimanin 9,000 suka tsallako cikin kwale-kwalen masunta, suka sauka a gaɓar Guningtou da ke arewa maso yammacin Kinmen. Ruwa ya janye ya bar kwale-kwalensu a kan yashi, aka ƙone su, ba hanyar komawa, ba hanyar kawo ɗauki. Cikin kwana uku wanda bai mutu ba an kama shi. Wannan karon ne ya sa rundunar da ta cinye ƙasa mai girman Sin ta tsaya cik a bakin ruwan da ba shi da wani faɗin a zo a gani. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, shugaban Amurka Truman ya tura jiragen ruwan yaƙinsa mashigin Taiwan, sai iyakar ta kafu a inda take.

Tana da shekara takwas a ranar Asabar, 23 ga Agusta, 1958. Da yamma ne, lokacin da ake shirin cin abinci, aka buɗe wuta daga gaɓar Fujian. Abin da ta riƙe na wannan yammacin bai da yawa: hannun mahaifiyarta da ya damƙe nata har ya yi mata zafi, ƙurar da ta cika mata baki, da wata kaza da ke ta zagaye a tsakar gida ta rasa inda za ta nufa. Daga baya ne ta ji cewa a daren farko kaɗai an kashe mataimakan kwamandan tsibirin har uku. An shafe kwana 44 ana ruwan wuta, kuma ƙididdigar da aka fi yarda da ita ta ce harsasan igwa fiye da 470,000 ne suka sauka a kan wannan ɗan wuri. Mutane suka koma zaman rami. A ƙarƙashin ƙasa ake girki, a nan ake haihuwa, a nan ake jinya. An kwashe dubban mutane zuwa Taiwan, amma iyayenta ba su tafi ba, saboda mahaifinta ya ƙi rabuwa da gonarsa da kushewar iyayensa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba baƙo mamaki idan ana ba shi labari. A ƙarshen Oktoba na shekarar, Beijing ta ba da sanarwar cewa daga yanzu za ta riƙa harbi ne a ranakun mara kawai, wato 1 ga wata, da 3, da 5, haka har ƙarshen wata. Ranakun cika kuwa a huta, jiragen kaya su shigo, manoma su tafi gona. Ɗaya ɓangaren ma ya bi tsarin, yana mayar da martani a kan kari. Sannu a hankali aka daina zuba albarushi mai yawa a harsasan, aka koma cusa musu takardun farfaganda, sai harsashi ya buɗe a sama takardun su watsu, gangar jikinsa ta faɗo. Shekara ashirin cur aka yi a haka, sai ranar 1 ga Janairu, 1979, da Amurka ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing, igwa ta yi shiru.

Yarinyar ta girma ta zama budurwa, ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta na fari, duk a cikin wannan lissafi. Kafin ta iya karanta sunanta ta iya bambance cika da mara. Biki da suna da zuwa ganin dangi, duk sai an duba kwanan wata. Kunnenta ya koyi rarrabe ƙarar harsashin da zai wuce da na wanda zai sauka kusa. Kada mai karatu ya ɗauka wasa ake yi: gangar harsashi mai nauyin gaske ce, idan ta faɗo a kan rufi ta ratsa shi, idan ta sami mutum ta kashe shi ko ta raba shi da ƙafa, ko da takarda ce a cikinta. Amma duk da haka bala'i ne mai jadawali, mutum ya san ranar da zai kwana a rami da ranar da zai kwana a gado. Masana tarihi da dama suna ganin Mao da gangan ya bar Kinmen a hannun Chiang, domin muddin sojojin Taipei na zaune a gaɓar Fujian, to rigimar ta cikin gida ce tsakanin Sinawa, ba a kai ga maganar ƙasashe biyu ba. Ke nan harsasan ranakun mara wata irin igiya ce da aka ɗaure tsibirin da ita, ana ɗan jijjiga ta kullum domin kada a manta tana nan.

Maƙeran tsibirin su ne suka fara gane cewa arziki ne ke faɗowa daga sama. Harsashin da ya fashe gaba ɗaya ɓaraguzai yake bari, amma na farfaganda yakan sauko kusan lafiyarsa lau, kuma ƙarfensa mai kyau ne, irin wanda ba a samun sa a kasuwa a wancan zamani. Yara kan tsinto su kai maƙera a ba su 'yan kuɗi. Maƙeri ya yanki ɓangare guda, ya sa a wuta har ya yi ja, ya buge shi ya miƙe, ya tsoma a mai, ya wasa. Maƙeran sun ce harsashi ɗaya kan ba da wuƙa arba'in zuwa sittin. Sojojin da suka gama wa'adinsu su ne suka fara saye suna kai wa iyayensu tsaraba a Taiwan, har sunan wuƙar Kinmen ya bazu. A yau masu yawon buɗe ido daga babban yankin ma suna saye, su koma da ƙarfen kakanninsu gida a cikin kwali mai ado.

Sojojin nan su ne kasuwar tsibirin, su ne kuma sarakunansa. Akwai lokacin da yawansu ya kai kimanin 100,000, har sun fi farar hula yawa. Tsohuwar ta yi musu wanki, ta sayar musu da taliya da dafaffen dankali, da kuɗinsu ta sa 'ya'yanta a makaranta. Wani kwamanda mai suna Hu Lien ne ya ƙarfafa wa manoma gwiwar shuka dawa, ana karɓa ana musanya musu da shinkafa, dawar kuma a kai ta masana'antar giyar da aka kafa a 1952, wadda har yanzu ita ce babbar hanyar kuɗin shigar gundumar. Ita wannan rayuwa tana da farashinta. Da dare ba a barin haske ya fita ta taga. Duk abin da ke iya yawo a kan ruwa, har ƙwallon wasan yara, sai hukuma ta san da zamansa, don gudun kada wani ya rungume shi ya yi iyo zuwa wancan ƙetaren. 'Yan mata ma an sa su cikin dakarun sa-kai, ita kanta ta riƙe bindiga ta yi fareti. A gaɓar Beishan an gina wata hasumiyar kankare a 1967 mai lasifika 48, ana kwarara wa mutanen Xiamen jawabai da waƙoƙin Teresa Teng, su ma suna ramawa da nasu. Taiwan ta fita daga dokar soja a 1987, Kinmen kuwa sai a 1992.

Daga nan abubuwa suka sake da sauri. A 2001 aka buɗe hanyar jirgin fito tsakanin Kinmen da Xiamen, tafiyar da ta gagara shekara hamsin ta koma ta kusan rabin awa. Aka tone nakiyoyin da aka binne a bakin teku. Ramukan da aka fafe a cikin dutse domin ɓoye jiragen ruwa suka zama wurin kallo. Sojoji suka ragu zuwa 'yan dubbai kaɗan, shaguna da yawa suka rufe da tafiyarsu. A watan Agustan 2018 aka fara turo ruwan sha daga wani tafki na lardin Fujian ta bututun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar da aka ce ruwan ya iso, tsohuwar ta buɗe famfo ta tara kofi, ta daɗe tana kallonsa kafin ta kurɓa. Ruwa ne kamar kowane ruwa. Amma wadda ta taɓa rayuwa a kan kwanan watan da wani ya tsara mata ba sai an gaya mata cewa mai buɗe famfo daga can shi ne mai iya rufe shi ba.

A daidai shekarun da Kinmen ke kwance ɗamara, ɗaya ɓangaren ɗaura tata take yi, kuma akwai ranar da za a iya cewa daga ita abin ya ɗauki zafi. A 1995 shugaban Taiwan Lee Teng-hui ya ziyarci jami'ar Cornell a Amurka, Beijing ta fusata. A watan Maris na 1996, ana jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na kai-tsaye na farko a Taiwan, Sin ta harba makamai masu linzami kusa da tashoshin jiragen ruwa na Keelung da Kaohsiung. Amurka ta turo manyan jiragen ruwa biyu masu dakon jiragen yaƙi, Nimitz da Independence, Sin kuwa ba ta da abin da za ta tare su da shi. Wannan kunyar ba ta bar zukatan hafsoshinta ba. Ta sayi wani jirgin dako da ba a gama ƙera shi ba daga Yukren, ta gyara shi, ya fara aiki a 2012 da sunan Liaoning. Na biyu, Shandong, ƙirar gida ne, ya shiga aiki a 2019. Na uku an saka shi a ruwa a 2022, aka raɗa masa suna Fujian, sunan lardin da ke kallon Taiwan ido da ido, wanda a kan takarda Kinmen ma cikinsa take. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta cewa jiragen ruwan yaƙin Sin sun haura 370, adadin da ya fi na kowace ƙasa, ko da yake na Amurka sun fi su girma da gogewa. Kasafin tsaron da Beijing ta bayyana na 2024 ya kai kusan yuwan tiriliyan 1.67, ƙarin kashi 7.2 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata. Tun 2005 akwai dokar da ta halatta amfani da ƙarfi idan Taiwan ta ɓalle, kuma a babban taron jam'iyya na 2022 Xi Jinping ya nanata cewa sun fi son haɗewa cikin lumana amma ba za su yi alkawarin ajiye makami ba.

Ba a fagen soja kaɗai ake matsar ba. Ƙasashen da ke amincewa da gwamnatin Taipei sun yi ta raguwa tun bayan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa kujerar Sin ga Beijing a 1971. Nijar ta ƙulla da Taipei a 1992 ta warware a 1996, Nijeriya kuwa a 2017 ta umarci ofishin kasuwancin Taiwan da ya tashi daga Abuja ya koma Legas. A duk Afirka Eswatini ce kaɗai ta rage.

Hujjar Beijing ba boyayyiya ba ce, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba ta da tushe a zukatan mutanenta. A wurinsu Taiwan ita ce ragowar ƙarnin wulaƙanci, tsibirin da Japan ta ƙwace a 1895, wanda baƙi suka hana ya dawo gida. Sai dai kuma Jamhuriyar Jama'ar Sin ba ta taɓa mulkin Taiwan ko na kwana ɗaya ba, kuma mutum miliyan 23 da ke can sun saba zaɓen shugabanninsu da sauke su. Tayin da ake yi musu na ƙasa ɗaya mai tsari biyu ya rasa masaya tun da suka ga abin da ya sami Hong Kong bayan dokar tsaro ta 2020. Akasarinsu abin da suke so shi ne a bar al'amura yadda suke, ba haɗewa ba ayyana 'yanci. Matsalar ita ce shi wannan zama na yadda ake ya ginu ne a kan rashin iyawar wani ɓangare, iyawar kuwa tana ƙaruwa kowace shekara.

A watan Agustan 2022, bayan ziyarar Nancy Pelosi a Taipei, tsohuwar ta ga sabon salon abin a talabijin. An kewaye Taiwan da atisaye ta kowace kusurwa, wasu makamai masu linzami suka ratsa ta samaniyar tsibirin, biyar suka faɗa ruwan da Japan ke iko da arzikinsa. A Kinmen ba a ji ƙarar komai ba, illa wasu ƙananan jirage marasa matuƙa da suka riƙa shawagi a kan sansanoni suna ɗaukar hoto, har aka harbo guda a ranar 1 ga Satumba. Maƙwabtanta suka ce ai ga shi, su kam an ƙyale su. Ita ce kaɗai a layin da ba ta ji daɗin wannan shirun ba. A zamanin Mao, igwa ba ta kai wa Taiwan, shi ya sa ake sauke fushin a kan Kinmen. Yanzu hannun ya yi tsawon da zai miƙa ta kan gidanta ya taɓa inda yake so, kuma a inda yake son nan ne 'ya'yanta biyu da jikokinta suke zaune.

Mutanen Kinmen suna cikin tsaka mai wuya, kuma sukan ji haushi idan 'yan Taipei suka zarge su da karkata ga Beijing. Gaskiya ne yawancinsu jam'iyyar Kuomintang suke zaɓa, gaskiya ne akwai masu son a yi gada zuwa Xiamen, har a 2023 wasu kansilolin gundumar suka nemi a mayar da tsibirin yankin da babu soja. Amma wanda bai taɓa kwana a rami ba bai kamata ya yi saurin koya wa wanda ya kwana darasin kishin ƙasa ba. Su kuma a nasu ɓangaren sukan manta cewa zaman lafiyar da suke ciniki a cikinsa ba su suka saye shi ba, kuma ba a hannunsu yake ba. Ranar 14 ga Fabrairu, 2024, ta tuna musu da haka. Wani kwale-kwale daga babban yankin ya kife a kusa da Kinmen yayin da masu gadin tekun Taiwan ke bin sa, mutum biyu suka mutu. Beijing ta ce ita ba ta san da wani ruwa da aka haramta shiga a wurin ba, bayan an yi shekaru kowa na mutunta wannan iyakar ko da ba a rubuce ba. Kwana biyar bayan haka jami'anta suka hau wani jirgin 'yan yawon buɗe ido na Kinmen suka bincika takardunsa, kuma tun daga nan jiragen sintirinsu ke shigowa a kai a kai. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

A wannan shekarar ce aka kira jikanta aikin soja. An haife shi a 2005, don haka yana cikin rukunin farko da sabuwar doka ta hau kansu, wadda ta mayar da wa'adin daga wata huɗu zuwa shekara guda. Kafin ya shiga bariki ya zo ya yi mata kwana uku. Yaro ne mai fara'a, a Taichung ya tashi, Kinmen a wurinsa garin hutu ce da alewar gyaɗa. Ya ɗauki wuƙar yana juya ta, ya ce, “Ama,” kamar yadda suke kiran kaka a harshensu, “da gaske ne wannan a kanku aka harbo ta?” Ta ce da gaske ne. Ya yi dariya ya ce to ai sun ci riba. Ba ta tanka ba, ta karɓi wuƙar ta ci gaba da yankanta. Ta so ta koya masa yadda ake gane ƙarar wanda zai wuce da wanda zai sauka, domin shi ne kaɗai ilimin yaƙin da ta mallaka, sai ta tuna cewa abin da aka girke yanzu a gaɓar Fujian yakan riga ƙararsa isowa.

Ranar da zai koma ta ɗaure masa alewa ƙulli biyu, ta raka shi har bakin mota. Bayan wata uku, kwana uku da rantsar da sabon shugaba Lai Ching-te, Sin ta sake kewaye Taiwan da atisaye na kwana biyu, wannan karon taswirar da aka nuna har da da'ira a kan Kinmen. Ta kira wayarsa ba ta shiga ba, abin da aka riga aka gaya mata zai riƙa faruwa. Ta ajiye wayar, ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke rataye a bango, irin wadda ake yage ganye ɗaya kullum, kamar yadda take yi kowace safiya tun tana 'yar shekara takwas. 23 ga wata ne, mara. Ta tashi ta tara ruwa a manyan robobi biyu ta rufe, sannan ta ɗora tukunya.